Maroƙin Hawa na Tara

Akwai maganar da ake yi a kaina a gidan nan idan an ga na juya baya, kuma ina jinta sarai, don ido likitan Malesiya ya gyara mini, kunnuwana dama lafiyarsu ƙalau. Ana cewa wai Alhaji Sule Tela ya bar jirgi ya tashi saboda kare. Wasu sun ƙara gishiri, sun ce har makarantar karnuka na shiga. Wani ma a majalisarmu ta Fagge ya rantse cewa kilishin da Hajiya ta ɗaure mini kare ne ya cinye. To ku zauna ku ji daga bakin mai abin, tun ina da haƙoran faɗa. Kilishi dai ni na cinye abina, ban sam wa kowa ba, har surukina. Makaranta kuwa na shiga, ba zan musa ba, kuma ita kaɗai ce makarantar da na taɓa shiga na ga ƙarshenta, don ta boko a aji huɗu muka yi sallama, kowa ya yafe wa kowa. Saura batun jirgi, shi ne zan warware muku.

Yanar ido ce ta kai ni. Shekara da shekaru ina zura zare a allura, sai ga shi na wayi gari allurar ma sai na laluba. Hajara, babbar 'yata, wadda wasunku ke ce wa Yaya wasunku Gwaggo, tana Kwala Lumfur da mijinta Malam Nura da ke koyarwa a wata jami'a can, ita ta matsa sai na zo an duba ni. Na je, aka kankare mini idon, na buɗe na ga ashe duniya tana nan da kalarta, ashe kuma na tsufa. Ina shirin haɗa jakata sai korona ta sauka, aka rufe ƙasa, aka ce kowa ya zauna inda yake. Inda nake kuwa shi ne hawa na tara a wani dogon bene a unguwar Setapak, ɗaki uku da falo, da wata 'yar baranda da ba ta isa mutum ya miƙe ƙafa ba. Ku da kuka san ni, kun san ni mutumin bakin shago ne. Na saba kafin azahar na gaisa da rabin Fagge, na tsokani sauran rabin. Sai ga ni daga kujera sai tabarma, Nura ya kulle kansa a ɗaki yana yi wa kwamfuta lacca, Hajara tana goge ledar burodi da ruwan kashe cuta kamar burodin ne ya dawo daga asibiti.

Abin da ya cece ni ƙofa ce. Gidajen can kowanne ƙofa biyu gare shi, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje, kuma saboda zafi sai a buɗe ta katakon a bar ta ƙarfen. Ƙofarmu tana kallon ta wani dattijo ɗan Sin, tsohon mai gyaran agogo, siriri kamar sandar awo. Sunansa Tan, duk ginin Ankal Tan ake ce masa, wato Kawu Tan. Ni kuwa na ga ba zan kira dattijo da sunan da bai fi tari tsawo ba, na cika masa shi na ce Tanko, ya karɓa bai tambayi dalili ba. Da hantsi sai ya jawo kujerarsa bakin ragarsa, ni ma in jawo tawa bakin tamu, kowa da takunkuminsa a haɓa da kofin shayinsa, tsakaninmu faɗin hanya. Turancinsa a karye yake, nawa kuwa ko karyewa bai samu yi ba, amma mun yi hira. Gaisuwar mutanen can ita ce a tambaye ka ko ka ci abinci, kuma ni tun daga nan na san ƙasar tana da tarbiyya.

"Haji, sudah makan?"

"Makan, Tanko, makan. Kai fa?"

A haka na gane matarsa ta rasu shekarar da ta wuce, ɗansa guda ɗaya yana Ostireliya, hanya ta rufe tsakaninsu. Ɗan ne ya sa aka kawo masa ɗan kwikwiyo dab da kulle don ya rage masa shiru. Wani ɗan abu ne ja-ja mai kunnuwa kamar an ɗinka su ba a auna ba, sunansa Kopi. Tanko yana magana da shi kamar jika, yana ci yana ba shi labari. Ni dai daga nesa nake kallonsu. A Fagge tsakanina da kare dutse ne, ban taɓa tunanin zan san sunan wani ba.

Wata safiya sai ga mutane cikin farar leda tun daga kai har ƙafa sun zo sun tafi da Tanko. Yana tafe yana tari, ya waiwayo ya nuna mini ƙofarsa, ya ce wata magana da ban kama ba sai sunan karen. Mu ma aka zo aka zura mana tsinke a hanci har sai da na tuna kakata, aka ce ba mu da komai. Aka feshe gidan Tanko, mai gadi ya kawo mana makulli, ya ce Ankal ya ce a ba Haji. A daren nan aka yi zaman gida. Malam Nura mutum ne mai kunyar suruki ta gaske, bai taɓa kallon idona ba ko bayan an gyara shi, don haka ina zaune a gabansa yake aiko mini da saƙo.

"Hajara, ki faɗa wa Baba, gaskiya kare a cikin gida da wuya."

"Hajara, ki faɗa wa Malam, ni ma ina sallah, ba sai an tuna mini ba. Kare ba zai taka inda nake shimfiɗa darduma ba. Amma ki tambaye shi, a littafinsa maƙwabci sai wanda ba shi da kare?"

Hajara ta ce ita fa ba gidan waya ba ce. Aka tsaya a kan cewa Kopi zai zauna a gidan ubangidansa, ni zan riƙa shiga ina zuba masa abinci da ruwa, in kwashe abin da ya kamata a kwashe. Na ware wata tsohuwar jallabiya na rataye ta a bayan ƙofar Tanko, ita ce kakin aiki, in na fito in cire in wanke hannu.

Nan ne na yi aikin da na fi kowa iyawa, wato na kawo dabarar Fagge ƙasar da ba a nema ba. Kopi da ya ga gida ya yi shiru sai ya kama haushi, ba dare ba rana. Ni kuwa na san maganin mai ihu a bakin ƙofa. Duk wanda ya riƙe shago ya sani, idan maroƙi ya tsaya a ƙofarka ya buɗe murya, ba a yi masa gardama, ba a yi masa wa'azi. Hannu ake sawa a aljihu a sallame shi, ya ƙara gaba, kunnenka ya huta. Don haka da Kopi ya ɗaga murya sai in tsallaka in jefa masa tsokar kaza ta cikin raga. Nan take sai ya yi tsit. Na dawo na zauna ina jin kaina, har ina ce wa Hajara da gwamnatin ƙasar ta san da ni da ta ba ni ofis. Abin da na manta shi ne, maroƙin Fagge yana da sauran shaguna da zai zagaya. Wannan shago ɗaya gare shi, ni ne. Kafin mako ya zagayo, Kopi ya gama karantata. Ya san ƙarar takalmina, ya san lokacin da ake sauke tukunya, ya san idan ƙaramin haushi bai fito da ni ba babba zai fito da ni. Ya zama cikakken maroƙi, saura kalangu.

Ku tuna kowa yana gida a lokacin, masu aiki suna aiki ta waya, yara suna karatu ta waya. Ƙorafi ya taru a kan shugaban kwamitin ginin, wani Bamalaye mai suna Enchik Rahim, dattijo mai 'yar furfura a gemu, wanda muke sahu ɗaya da shi a masallacin da ke ƙasan ginin kafin a rufe. Ya hawo da kansa, ya tsaya nesa kamar yadda doka ta ce, ya yi magana a hankali, Hajara tana juya mini. Ya ce dama ginin ba ya son dabba, an kawar da kai ne saboda tausayin Ankal Tan, da sharaɗin kada a ji ƙorafi. Yanzu daga hawa na bakwai har na goma sha ɗaya ba mai barci. Idan wata ya ƙare ba a ga canji ba, za a kira masu ɗaukar dabbobi su tafi da shi.

"Haji, ba ni ba ne," in ji shi. "Ni ma Ankal abokina ne. Amma mutane sun gaji."

A wannan satin ne jikin Tanko ya yi tsanani, aka sa masa abin numfashi. Wata nas mai kirki takan riƙe masa waya ya gan mu. Mutumin da na sani siriri ya koma kamar zare. Bai tambayi gidansa ba, bai tambayi agogunansa ba. Ya janye abin hancin ya ce:

"Haji, Kopi makan?"

Na ce makan, har ya yi yawa. Da aka kashe wayar Hajara ta juya tana share ido, ta ce Baba, in aka ɗauke karen nan, ban san me za mu ce wa mutumin nan ba.

Ashe tun kafin ya kwanta Tanko ya sa Kopi a wani ajin horar da 'yan kwikwiyo a unguwar Sri Petaling, kulle ya sa aka mayar da ajin waya. Malamar, wata 'yar asalin Indiya mai suna Mis Shanti, ta ga ɗalibi ya ɓace sai ta bi sawu har ta samo lambar Hajara. Haka aka yi na koma makaranta da furfurata. Hajara tana tsoron kare kamar me, don haka a waje take tsayawa, ta ziro hannu ta raga da waya, tana fassara tana ja da baya. Malamar ta fara da tambayar me nake yi idan ya yi haushi. Na gyara tsayuwa na yi mata bayanin ilimin maroƙa tun daga tushe. Ina cikin bayani na ga ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta suna rawa.

"Me ta ce?"

"Baba, ta ce horo ya yi kyau ƙwarai."

"To, ki ce mata a Fagge na koya."

"Ta ce amma ba kai ka horar da shi ba, shi ya horar da kai. Ya yi haushi, ka kawo nama. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗalibi mai saurin ɗauka kamarka ba."

Na kalli Kopi, ya kalle ni, yana kaɗa jela ko kunya babu. Na ce to tunda abin raini ne, a samo mini tsumagiya, yau zai san tela ya riƙe yaran shago. Mis Shanti ta daina dariya. Ta ce duka zai sa ya yi shiru ne kawai idan ina tsaye a kansa, in na fita ya ninka, don yanzu kewa ce ke sa shi kuka, in na doke shi na ƙara masa tsoro a kan kewa. Ta ce hannuna na kyauta ba laifi ba ne, lokacin bayarwar ne na kuskure. In ci gaba da bayarwa, amma shiru zan riƙa saya, ba ihu ba. In ya yi haushi in zama bango, kada in kalle shi, kada in ce masa kanzil. Da ya rufe baki, ko don ya haɗiye yawu ne, a daidai wannan ƙiftawar in faɗi kalma ɗaya, in biyo ta da nama. Kalmar kada ta canja, naman kuma kaza ce dafaffiya ba gishiri ba yaji ba albasa, a yanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Kun ga ke nan ko na so ba shi kilishi, malama ta hana. Ta ce in zaɓi kalma. Na ce madalla.

Ta kuma gargaɗe ni cewa abin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru, kuma ba ta yi ƙarya ba. Maroƙin da ya saba a sallame shi, ranar da aka hana shi sai ya tara maka jama'a. Kopi ya yi haushi har muryarsa ta dishe, ni ina zaune a kujerar Tanko na zuba wa bango ido, naman yana cikin wata 'yar jaka da na ɗinka da hannu daga ƙyallen tsohon zanen Hajara, hannuna yana ƙaiƙayi. Wallahi ban taɓa sanin hana kyauta yana da wuya haka ba. Can ya tsaya ya ja numfashi. Na ce madalla, na miƙa. Ya tsaya yana kallona kamar na yi masa sabon yare. Ya sake haushi, na koma bango. Ya yi shiru, madalla. Kafin la'asar na ga abin ya faɗa masa, na ga lokacin da ya faɗa, kunnuwan nan marasa awo suka miƙe. Ya buɗe baki zai yi, sai ya fasa, ya rufe, ya zuba mini ido yana jira. Na faɗi madallar da sai da Nura ya leƙo daga ɗakin laccarsa.

"Baba," in ji Hajara daga bayan raga, "ni da na yi ta zuwa ta ɗaya a makaranta, sau nawa na ji madallan nan?"

"Ke ai tun da aka haife ki ba ki yi shirun da za a ba ki ba."

Daga nan muka shiga zauna, muka shiga kwanta, muka shiga babban darasi, wato idan an ƙwanƙwasa ƙofa ya tafi kan 'yar shimfiɗarsa ya jira maimakon ya tashi unguwa. Hajara ce mai ƙwanƙwasawa, ta buga ta gudu. Malamar ta ce kuma kada a bar shi shi kaɗai tsawon yini, don haka na mayar da zaman hantsina gidan Tanko, ina jan carbi, agoguna suna ta ƙas-ƙas a bango, Kopi yana kwance nesa da ƙafata kamar ya san ƙa'idar.

Muna tsakiyar wannan sai labarin jirgi ya zo. An ce za a kwashe 'yan Najeriya da kulle ya rutsa da su, Nura ya yi ta faɗi-tashi har ya samo mini kujera. Tashin jirgin zai riga ƙarshen wata, wato zai riga ranar da Enchik Rahim ya ɗiba mana. A gida kuwa babbar Sallah ta matso, matar Auwalu kuma, babban ɗana namiji, ta shiga watanta. Na zauna na auna abin kamar yadi. In na tafi, Hajara ba za ta iya shiga ɗakin ba, Nura yana lacca daga safe har yamma, aikin da muka faro bai yi ƙwari ba, kwana kaɗan zai warware. Za a zo a ɗauki Kopi, nas ta riƙe wa Tanko waya, ya yi tambayarsa guda ɗaya. Na kira Hajiya, na fara da cewa likita yana son ya ƙara duba idon.

"Alhaji, idon da ka ce mini kana ganin tururuwa daga hawa na tara?"

"To, akwai kuma wani maƙwabci."

"Maƙwabcin mai jela? Hajara ta faɗa mini komai. Shekara nawa muna tare, ban taɓa yin layya ba ka gidan nan ba. Ni zan riƙe wa mahauci ƙafar rago? In mutane suka tambaye ni ina kake, in ce me?"

"Ki ce ina karatu."

Ta kashe wayar. Kwana biyu ba ta ɗauka ba, ranar da ta ɗauka kuma gaisuwa kawai ta yi kamar da baƙo. Jirgi ya tashi, ina baranda ina kallon sama ko zan gan shi, ban gan shi ba. Aka yi Sallah ina cin shinkafar da aka dafa a cikin ganye. Aka haifi yaro, aka sa masa sunana, na ji kiran sunan ta waya, murya tana yankewa. Sule ƙarami, kai ne wannan, kuma kai kaɗai nake ba haƙuri a duk labarin nan. Ranar na shiga gidan Tanko na zauna, ko madalla ban iya ba. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba.

Da aka ɗan sassauta kulle, Mis Shanti ta zo da motarta ta ɗauke mu zuwa aji na ido da ido, a wani fili a Sri Petaling, kowa nesa da kowa. Ku hango ni da jallabiya da hula zanna, a tsakiyar matan Sin masu karnuka kamar audugar katifa, kowacce tana lallashin nata da Turanci, ni ina ce wa nawa zauna, yana zama. A ƙofar gininmu kuwa wasu samari 'yan Najeriya masu karatu, da suke tsaye suna jiran a miƙo musu abincin da suka saya a mamak, wato gidan abincin unguwa, suka gan ni na fito da igiya a hannu.

"Kai! Baba, how far? Baban Kopi da kansa!"

"Ɗalibina dai an ce zauna ya zauna. Kai shekara nawa ubanka yana cewa ka gama ka dawo?"

Su suka ɗauki hoton da ya riga ni isowa Kano. Enchik Rahim kuma ya tare ni a lif, ya yi ta kewaye-kewaye, ashe so yake ya ji yadda nake tsarki, don su a wajensu in yawun kare ya taɓa ka wanki bakwai ne, ɗaya da ƙasa. Na san malamanmu na gida sun sassauta fiye da haka, amma baƙo ba ya buɗe muhawarar malamai a cikin lif. Na ce ya nuna mini nasu. Washegari ya aiko mini da wani sabulu na yumɓu, na riƙa wankewa da shi, hankalinsa ya kwanta, ni kuma hannuna ya yi laushi.

Ranar da wata ya cika Enchik Rahim ya hawo, da wata mata daga hawa na takwas wadda ta fi kowa ƙorafi. Ina ciki da Kopi, jakar nama a ƙugu, gabana yana faɗuwa kamar ranar da na fara yanka shaddar wani. Enchik Rahim ya ƙwanƙwasa, da ƙarfi kuwa, ba irin na Hajara ba. Kopi ya zabura ya yi haushi guda, mai kyau, wanda ya cika falon. Na kafe idona a bango, ban motsa ba. Sai na ji 'yan faratansa a kan tayil, ya juya, ya tafi kan shimfiɗarsa, ya zauna, ya zuba mini ido. Na ce madalla, na ba shi. Aka sake bugawa, ko tari bai yi ba.

Matar ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce ai ya yi, ta ji da kunnenta. Na ce Hajara ta faɗa mata, a garinmu in aka yi sallama a ƙofa dole a amsa sau ɗaya, wanda bai amsa ba shi ne mara tarbiyya. Enchik Rahim ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. Ya tambayi matar ko ta yi barci a makon nan, ta ce ta yi. Ya juyo ya ce:

"Boleh, Haji, an yarda. Kare ya ci gaba da zama."

Tanko ya daɗe kafin a sallamo shi, ya dawo a keken guragu, wuyansa kamar na kaza. Da aka buɗe ƙofa Kopi ya manta duk karatunsa, ya yi ta tsalle yana kuka kamar mutum, ni kuma na kawar da kai, don akwai ranar da ba a bin doka. Da ƙura ta lafa Tanko ya ce masa ya zauna da Turanci, Kopi ya kalle shi. Ya faɗa da yarensu, Kopi ya karkata kai. Sai a lokacin na gane na yi wa bawan Allah aika-aika ta biyu, na mayar masa da kare Bahaushe. Haka na sake buɗe aji, wannan karon ɗalibin mai gyaran agogo ne. Na kwance jakar naman daga ƙuguna na ɗaura masa. Ya yi ta fama, harshensa yana tuntuɓe, har ya ce:

"Kopi, zauna."

Kopi ya zauna. Tanko ya kalle ni yana neman sauran.

"Ma-dal-la," in ji shi, ya miƙa naman, hawaye yana bin kuncinsa.

To kun ji abin da na bar jirgi a kansa. Wanda ya ce kare ne, ban hana shi ba, amma ya riƙa faɗin har da Tanko.

Sai bayan watanni hanya ta samu na dawo. Hajiya ta tarbe ni lafiya, ba ta tayar da maganar ba, har na fara zaton na sha. Kun dai san halina na shekara da shekaru, in yunwa ta taso, daga tsakar gida nake ɗaga murya. Washegari da rana na zauna a tabarma na ƙwala:

"Hajiya! Wai abincin nan sai an rubuto takarda ne?"

Shiru. Na ƙara, na haɗa da tarihin yadda ake yi wa maigida a zamanin iyayenmu. Na leƙa, tana zaune a ƙofar kicin, kwanon tuwo a rufe a gefenta, ta zuba wa bango ido kamar ba ta taɓa ganin bango ba. Na buɗe baki zan yi na uku, sai na ji kunnuwana suna miƙewa. Na rufe bakina, na gyara zama. Ko ƙiftawa ba a yi ba ta taso da kwanon, ta dire shi a gabana, ta buɗe, miyar kuka tana tururi.

"Madalla," in ji ta.

Na ci tuwona. Har yau a haka muke, kuma ban taɓa ƙoshi da wuri kamar yanzu ba. Tanko yakan kira ranar Lahadi, shi da Kopi a kujera ɗaya, ya tambaye ni ko na ci abinci. Nakan ce masa makan, Tanko, amma sai na yi shiru tukuna.